Wadda Kafaɗarka Za Ta Ɗauka

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan isha'i, tare da hotunan bindigogi uku da ka ɗauko a shago. Na ji daɗi da ka gama darasin farauta da hukumar namun dajin Fensilbaniya ta wajabta wa duk mai yankar lasisi karon farko. Amma da na kai ƙarshen saƙon, inda ka ce ranka ya kwanta da .300 Winchester Magnum saboda wata rana za ka je Kolorado neman manyan dabbobin duwatsu, sai na ajiye wayar na ce bari gari ya waye tukuna. Yaron da ya ƙwallafa rai a kan abu, ba a yi masa maganarsa da dare.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, da adaka ya yi farauta, wadda maƙerin garinmu ya ƙera masa. Yakan zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya ɗura guntayen dalma, ya danna da sanda. Harbi ɗaya gare shi, in ya kuskure shi ke nan, sai dai ya bi ƙura da kallo. Don haka yake ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har sai ya kusanci barewa kamar taku ashirin. Ban taɓa jin ya yi ƙorafin bindigarsa ba ta da ƙarfi ba. Ƙorafinsa kullum iska ce ta juya, ko ƙirare ya karye ƙarƙashin gwiwarsa. Da za a miƙa masa mafi arhar bindigar da ke cikin hotunanka, cewa zai yi aljanu ne suka ƙera ta.

Ba zolaya nake yi ba. Irin bindigar da kake nema, mai sakata, wadda kake ɗaga hannunta ka ja baya ta tofar da kwanso, ka tura gaba ta ɗauki sabon harsashi ka kulle, tsohon tsari ne da Bajamushe Paul Mauser ya kammala gyaransa tun 1898, kuma har yau kusan kowace bindigar farauta mai sakata jikanyarsa ce. Ka yi daidai da ka tsaya a kanta, domin a jihar nan doka ba ta yarda a harbi barewa da dogayen bindigogin nan masu ɗura kansu ba. Abin da ya canza tun zuwana ƙasar nan shi ne injinan ƙira. Savage Axis da Ruger American da Mossberg Patriot, waɗanda ake samu tsakanin dala 400 zuwa 600, yawancinsu kan tara harbi uku a cikin inci ɗaya ko ɗaya da rabi daga yadi 100 in sun samu harsashin da suke so. A zamanin ƙuruciyata sai ka kai wa gwani ya yi mata aiki kafin ta yi haka. An rage kuɗin ne a ƙota, wadda roba ce mai ƙarar fanko, da kuma sakatar da ba ta da santsi sosai. Bututun kuwa, inda aikin yake, lafiyarsa lau. In aljihunka ya ɗan fi haka nauyi akwai Howa 1500 ta Japan da Tikka T3x ta Finlan, sakatarsu kamar an shafa mata man shanu. Barewa dai ba za ta san bambanci ba.

To, mu zo kan harsashi, inda kuka fi ɓata dare kuna gardama kai da abokanka.

Ka taɓa tambayata tabon da ke girata ta dama kana ƙarami, na ce maka ƙofa ce. Ba ƙofa ba ce. Shekarar da na fara farauta na shiga wani shago, mai shagon ya dube ni ya ga baƙo mai zumuɗi, ya ce ai namiji magnum yake riƙewa, da ita babu dabbar da za ta gagare ni daga nan har Alaska. Na biya ina jin kaina. Harbina na uku a filin gwaji, na kwantar da fuska kusa da madubin saiti, bindigar ta yi shuri kamar jakin da aka taɓa wa ƙurji, bakin madubin ya tsaga mini gira, jini har cikin ido. Raunin ya warke a mako biyu. Abin da ya ƙi warkewa shi ne tsoro. Daga ranar, duk sanda yatsana ya fara matsa kunama, idona kan rufe da kansa, kafaɗata ta zabura kafin ƙarar ta tashi. Ban ma san ina yi ba. Harsashinta kuma tsada, sai na riƙa jin ƙyashin gwaji. Kwali ɗaya na ashirin ya kai ni shekara.

Ƙarshen Nuwamba ya zo, dusar ƙanƙara ta rufe daji. Wata macen barewa ta fito ta tsaya mini a karkace, tazarar ba ta fi yadi 70 ba, kuma ina da takardar izinin harbin mace. Na yi bismillah na harba. Na zabura kamar yadda na saba, harsashin ya same ta can baya, wajen ciki. Ɗana, tun hantsi nake bin jini a kan ƙanƙara, ɗigo nan ɗigo can, na ga inda ta kwanta ta tashi sau uku, har duhu ya rufa sawun ya shige wani fadama na rasa shi. Washegari na koma ban same ta ba. Bindigar da aka ce za ta kayar da komai ta bar 'yar dabbar da ba ta kai ni nauyi ba ta je ta mutu cikin azaba a inda ba wanda zai ci namanta. Na fi mako ba na iya cin nama. Bazara na zuwa na sayar da ita da asara, na sayi .308 tsohuwa, na koma koyon harbi daga farko kamar ɗan yaye.

Shi ya sa in ka ce mini wanne harsashi ya fi ƙarfi, sai in ga ba mu fara daga inda ya dace ba. Huhu da zuciyar barewa mai farar wutsiya, in ka haɗa su, faɗinsu kamar faifai ne, inci 8 zuwa 10. Duk harsashin da zan ambata maka, in ya shiga faifan nan, dabbar ba za ta yi nisa ba. In kuwa bai shiga ba, ƙarin albarushi ba ya gyara kuskure. Kuma ka tuna dajin da za ka shiga. A filayen farautar gwamnati na jihar nan, masu faɗin eka kusan miliyan ɗaya da rabi, itatuwa ne cunkus da kwazazzabai. Ni dai a duk shekarun da na yi, sau biyu kacal na harbi dabba da ta wuce yadi 150. An ƙera magnum ɗinka a 1963 don fili fetal inda za ka hango dabba a tsallaken kwari. A nan, sayen raƙumi ne don kai niƙa bayan gida.

Da ni ne kai, .308 Winchester zan ɗauka, kuma zan gaya maka dalili ba tare da kwana-kwana ba. Tun 1952 take kasuwa, 'yar'uwar harsashin sojan NATO ce mai lamba 7.62, don haka babu kamfanin da ba ya yin ta, babu ƙaramin shagon ƙauye da za ka shiga ka rasa ta. Ka ga abin da ya faru a 2020 da 2021, lokacin da kantoci suka koma wayam. Da kaya suka fara dawowa, irin waɗannan na kowa da kowa ne suka riga isowa, masu baƙin harsasai suka yi ta jira. Kan harsashi mai nauyin giren 150, wato giram 10 ba kaɗan, yana fita da gudun ƙafa 2,800 da 'yan kai a sakan. In ka saita ta a yadi 200, za ta hau sama da kamar inci 2 a yadi 100, ta sauka ƙasa da inci 8 ko 9 a yadi 300. Ma'ana daga gabanka har yadi 200 da ɗoriya, ka ɗora saiti bayan kafaɗar dabba kawai, ba lissafi. In kuma Allah ya nufa wata ranar nan taka ta zo, ka sa mata giren 165 ko 180 mai ƙwari ka tafi Kolorado da ita. Mutane da yawa sun cika firiza da ita a can.

Yayarta .30-06 Springfield, wadda sojan Amurka suka ɗauka a 1906, shi ya sa ake ce mata haka, ta ɗan fi ta gudu da kamar ƙafa 100 a sakan, ta fi ta iya ɗaukar kai mai nauyi, ta kuma fi ta shuri kaɗan. A bindiga mai nauyi ba za ka damu ba. A waɗannan masu ƙotar roba da ba su cika kilo 3 ba, za ka ji ta. .270 Winchester ta 1925, wadda marubucin farautar nan Jack O'Connor ya shafe rayuwarsa yana yabo a mujallar Outdoor Life, tana tafiya miƙe kamar zare, ba ni da abin cewa a kanta sai alheri.

Na san abokanka 6.5 Creedmoor suke yi wa kirari, tsofaffin filin gwaji kuma suna taɓe baki suna cewa kayan yara ne. Kada ka shiga wannan rigimar. Kamfanin Hornady ya fito da ita a 2007 don masu gasar harbin nesa, kanta siriri ne dogo, iska ba ta cika karkatar da shi ba, shurinta kuma ya fi na .308 sauƙi yadda kafaɗa za ta shaida. Yanzu ta cika shaguna. Na harba ta abokina, na so ta, kuma da yau nake farawa da jikin nan naka marar nama, zan yi dogon tunani tsakaninta da .308. Akwai 7mm-08 Remington ta 1980 wadda a zuciyata ita ce mafi dacewa da barewa a cikinsu duka, sai dai harsashinta kan yi wuyar samu, ga ɗan tsada. .243 Winchester kuwa, ta 1955, shurinta kusan rabin na .30-06 ne, ita na saya wa ƙanwarka 'yar wajena, kuma ta fi ni kawo nama shekaru biyu a jere. Kanta ƙarami ne, giren 100, saboda haka tana son mai haƙuri da zai jira dabba ta ba shi gefe sosai.

Abu ɗaya zan ƙara saboda na ji kana zancen aikin da ake yi maka tayi a Ohayo. Can dokarsu daban: ba a harbin barewa da waɗannan masu kwanso mai wuya kamar kwalba, sai mai kwanso miƙaƙƙe irin .350 Legend da Winchester ta fitar a 2019. In komawar ta tabbata, dakata da sayen har ka san inda za ka zauna. Kowace jiha da littafinta, kuma kowace shekara sai ka sake karanta shi.

Lambar da ke jikin kwali rabin magana ce, sauran rabin irin kan ne. Kada arha ta ja ka ka sayi na soja mai rufaffen kai da jan ƙarfe har baki. Wannan huda yake yi ya wuce kamar allura, dabba ta tafi da rauni, kuma doka ta hana farauta da shi. Nemi mai taushin baki wanda ke buɗewa in ya shiga nama. Remington Core-Lokt tun 1939 ake kayar da barewa da shi, ga Federal Power-Shok da Winchester Power-Point, duk na talaka ne kuma suna aiki. Sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri biyu ko uku, ka ga wanda bindigarka ta fi tarawa wuri guda, domin kowane bututu da abincinsa, ko da kamfani ɗaya ya yi su rana ɗaya. Wanda ta zaɓa, shi za ka saita ta da shi, shi kuma za ka shiga daji da shi. Akwai na zallar jan ƙarfe marar dalma, wanda Kalifoniya ta wajabta ga duk farauta tun 2019. Ya fi tsada, amma ni na koma kansa tun da jikoki suka fara cin naman, domin dalma kan farfashe ta bazu a kewayen raunin. In da dalma ka harba, yanke wurin da faɗi ka zubar.

Sai jikin bindigar. Bututu mai inci 22 ya isa. Na 20 ma ya fi daɗin juyawa a cikin sarƙaƙiya, abin da za ka rasa na gudu ɗan kaɗan ne, sai dai ƙara ta fi dukan kunne. Kada ka bi mai kauri irin na 'yan gasa, kai ne za ka hau tudu da shi tun asuba. Kada kuma ka bi mafi sauƙin nauyi, domin duk abin da aka rage na nauyi kafaɗarka ce ke biya. Bindiga da madubi da maɗauri su tashi kilo 3 da rabi zuwa 4, daidai ke nan. Bututun ƙarfe marar tsatsa yana da amfani a ƙasar ruwa da ƙanƙara, amma in bambancin kuɗin ya yi yawa, tsumma da ɗan mai bayan kowace fita sun wadatar. Wancan abin da ake ɗaurawa a baki don rage shuri, mai huji-huji, bar shi. Yana ragewa da gaske, amma kunnenka da na wanda ke gefenka ne za su ɗauki bashin. Kunnena na hagu da kake ɗaga murya in muna magana, rashin toshe kunne ne a shekarun farko.

Tsawon ƙota mutane ba sa kula da shi, alhali shi ne ke sa bindiga ta zauna a jiki. Yawancinsu inci 13 da rabi ne ko sama kaɗan daga kunama zuwa gindi, an auna su da dogayen mutane. Kai ba dogo ba ne, kuma ranar farauta riguna huɗu za ka saka da jibgegiyar rigar sanyi, ga ruwan lemon nan mai ƙyalli da doka ta ce sai ya kai inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya. Saboda haka ka je shago da rigar sanyinka a jiki, ko da za su yi maka dariya a watan Agusta. Rufe ido, ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, buɗe. In sai ka miƙa wuya ko ka janye kai kafin ka gani, ba taka ba ce. Gwada gajeriyar da suke yi wa matasa, babu abin kunya a ciki.

Na kuma tuna kai bahago ne aka haife ka, mahaifiyarka ta yi ta fama har ka koma ci da dama. Hannu ya koma, ido ba lallai ya koma ba. Miƙa hannuwanka ka yi ɗan rami da yatsu, ka kalli abu mai nisa ta ciki da ido biyu, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne jagora. In na hagu ne, Savage da Ruger da Tikka duk suna yin ta bahagwai. Ka nema tun yanzu, ya fi ka yi shekaru kana leƙe ta kan ƙota.

Kunama kuwa, ka samu wadda ke sakin harbi a nauyin laba 3 zuwa 4, ba ja-in-ja. Ta Ruger American ana iya daidaita ta tsakanin 3 da 5, Savage Axis II kuma tana zuwa da kunamar AccuTrigger da ita ma ake iya daidaitawa. Kada ka sa hannu ka sassauta ta ƙasa da haka. Yatsan da sanyi ya kashe ba ya jin abin da yake taɓawa.

Inda nake so ka saki hannu shi ne madubin saiti. Waɗanda ake haɗawa da bindiga a kwali ɗaya a ce kyauta ne, araha ba ta ado. Da rana tsaka a shago kowanne garau yake. Amma barewa da sassafe take fitowa ko dab da magariba, doka ta ba ka daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a jihar nan sai ka ƙirga rassan ƙahon namiji, aƙalla uku a gefe guda, kafin ka taɓa kunama. A wannan dishi-dishin ne madubin banza ke zama kamar gilashin fitilar da ta sha hayaƙi. Mai ƙara girma sau 3 zuwa 9, da baki milimita 40, ya ishe ka har tsufa. Ware masa dala 200 ko sama, da zobba masu kyau na ɗaure shi, domin sau da yawa in bindiga ta fara watsa harbi, zoben ne ya kwance. A daji ka bar shi a kan 3 ko 4. Wanda ya bar shi a 9 in dabba ta ɓullo kusa, gashi kawai zai gani bai san na wane sashe ba. Ka tabbata tsakanin idonka da madubin ya kai inci 3 da rabi zuwa 4. Dubi girata in ka manta. Kuma kada ka taɓa leƙa abin da ba ka tantance ba ta madubin bindiga. Sayi ɗan tabarau na hangen nesa don wannan, domin abin da ke motsi a cikin ganye zai iya zama ɗan wani.

Sauran kuɗin da magnum za ta cinye, harsashi za ka saya da su, kwali biyar aƙalla kafin Nuwamba. Hukumar tana da filayen gwaji da mai lasisin farauta ke shiga kyauta. Teburi na saita madubi ne kawai. Da ka gama, tashi daga kansa. Kafa faifan takarda a yadi 100, ka harba a zaune, a durƙushe, a jingine da itace, numfashinka na sama bayan ka ɗan yi sassarfa. Tazarar da kake sa harbi tara cikin goma a faifan, nan ne iyakarka a bana, ko me aka rubuta a kwali. A gida kuma, bayan ka duba sau biyu cewa babu komai a cikinta, ka riƙa matsa kunama a fanko kana kallon ko saitin zai motsa. Da haka na kori tsorona, wata shida ina yi.

Abin da malamanmu suka koyar ka san shi: ka ambaci sunan Allah lokacin sakin harbi, in ka iske ta da sauran rai ka yanka nan take, don haka wuƙarka ta kasance mai kaifi kuma a kusa. Kada ka harba don ganin faɗuwa kawai. Kuma tunda matarka na da ciki, sayi akwatin ƙarfe mai makulli rana ɗaya da bindigar, harsashi a wani wuri daban, kada ka ce sai yaro ya fara rarrafe. Wanda ya ce maka za ka iya kai ta gida in ka tashi komawa, kada ka saurare shi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigogi masu bakin 7.62 da .300 da .303 cikin na soja da aka haramta wa farar hula, .308 ɗin da nake yaba maka kuwa 7.62 ce.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo bayan azahar, kada ka biya kuɗin komai kafin nan. Zan fito da tsohuwar .308 ɗina da .243 ta ƙanwarka, maƙwabcina kuma ya yarda ya ara mana Creedmoor ɗinsa da wata magnum da ya gaji da ita. Za ka harba kowacce sau biyar, ni zan riƙa ɗura maka kana juya baya, wani lokaci in sa harsashi wani lokaci in bar ta fanko, mu ga wadda idonka ke rufewa a kanta. Taho da abin toshe kunne da rigar sanyin nan. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce mata gwaggonta ta ajiye mata kilishin bara.